A Bar wa Teku Murjaninta, a Sayi Dashe

Gutsuren bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba. Mai shi zai tsamo shi daga ruwan gishiri, ya tsane gindinsa da takarda mai laushi, ya ɗiga masa sufa gulu mai kauri, sannan ya tura hannu cikin tankin gilashi ya danna shi a jikin dutse. Haka zai riƙe shi kusan rabin minti, ko motsi ba ya yi. Idan ya saki gutsuren bai faɗi ba, aikin ranar ya ƙare. Abin da ya rage sai jira. Za a yi makonni kafin naman halittar ya malalo ya rufe gam ɗin ya kama dutsen da kansa, a yi watanni kafin sabon reshe ya leƙo, a shekara ko a fi kafin abin ya kai dunƙulen hannu.

Mutane da yawa a Jamus da Amurka da Ingila da Japan da Ostareliya a kan wannan suke ƙarar da yammacinsu, suna dasa murjani mai rai a cikin falo. Wanda ya gani daga nesa zai ce wasan masu kuɗi ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, don kayan aikin ba su da arha. Amma wannan ɗigon gam ya cancanci a tsaya a dube shi, domin shi ne ya raba kiwon da ke cin teku da kiwon da ke ƙyale ta.

Murjani ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Kalmar daga Larabci ta zo, kuma an ambace ta sau biyu a Suratur Rahman. Jajayen duwatsun da mata ke ratayawa a wuya da hannu, waɗanda daga gare su sunan Murjanatu ya fito, asalinsu daga Bahar Rum ne, ayarin raƙuma suka riƙa tsallako Sahara da su zuwa kasuwanni irin na Kano, kuma har yau garin Torre del Greco da ke kusa da Naples a Italiya da sassaƙa su aka san shi. Alhajin da ya taɓa ratsa tsohuwar unguwar Al-Balad a Jidda ya wuce ta gaban gidajen da aka gina da dutsen murjanin Bahar Maliya, haka ma kangayen Sawakin a Sudan, tashar da mahajjatan Yammacin Afirka suka daɗe suna shiga jirgin ruwa daga cikinta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, dutsen nan ƙwarangwal ne na dabba.

Murjani taron 'yan mitsi-mitsin halittu ne, kowacce da baki da 'yan hannuwa kewaye da shi, suna zaune a haɗe suna fitar da sinadarin alli suna gina gida a ƙarƙashinsu. Irin wanda ke gina tsaunuka a ruwan ɗumi mara zurfi, wanda ake kiwo a gida, ya bambanta da jan na ado. A cikin namansa akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, tana sarrafa hasken rana tana ba shi mafi yawan abincinsa, kuma da ita launinsa ke fitowa. Idan ruwa ya yi zafi fiye da yadda aka saba a tsakiyar bazara, ko da digiri ɗaya ne, ya kuma ɗauki makonni a haka, sai murjanin ya kori gansakukar, ya koɗe ya zama fari fat. In zafin bai sauka ba yunwa ta kashe shi. Waɗannan tsaunuka ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku da su suka dogara.

Shekaru da dama hanyar samun murjanin tanki ɗaya ce. Mai nutso ya sauka da guduma da kurfi, ya ɓalle kan da ya shekara goma yana girma, a zuba shi a leda da ruwa, a ɗora a jirgin sama daga Jakarta ko Fiji zuwa Los Angeles ko Frankfurt. Wani ya mutu a hanya, wani ya mutu a shago, wani kuma ya mutu a hannun sabon shiga da bai san abin da ya saya ba, sai a koma teku a ɓallo wani. Tun 1990 duk murjani mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, wato ba a fita da shi daga ƙasa sai da takardar izini. Takarda ta rage ɓarna, amma ba ta mayar da reshen da aka ɓalle ba.

Abin da ya sauya lamarin daga hannun masu sha'awa ya fito, ba daga ofis ba. A farkon shekarun 1960 wani mai kiwon kifi a Jakarta, Lee Chin Eng, ya nuna cewa dutsen teku mai rai da iska kaɗai na iya riƙe tanki ba tare da tarkacen matatu ba. Masu kiwo a Berlin suka ɗora a kai a shekarun 1970, da haske mai ƙarfi da na'urar da ke kwashe dauɗa ta hanyar kumfa. A farkon shekarun 1980 ɗaya daga cikinsu, Dietrich Stüber, ya raini wani murjani mai rassa kamar ƙahon barewa, daga dangin Acropora, wanda a lokacin ake ganin ba ya rayuwa a tsare. Ya girma har ya cika wuri, sai ya riƙa karya shi yana rabawa. Jikokin wannan kai ɗaya suna nan a tankuna a ƙasashe daban-daban, kuma da sunan Stüber ake kiran su.

Manomin rogo ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Sandar rogo ake sarewa a binne, ta fito da irin uwarta sak. Haka rake, haka murjani. A teku ma guguwa kan karya rassa, wanda ya dace ya maƙale a wuri mai kyau ya kafa sabon gida. Aikin mai tanki shi ne ya cire sa'a daga lissafin, ya riƙe wa gutsuren wuri har ya kama.

Riƙewar kuwa ita ce sana'ar, kuma kowane iri da hanyarsa. Mai rassa siriri da filaya mai kaifi ake tsinke shi. Mai kauri kamar ƙwallo sai zarto na musamman mai haƙoran lu'ulu'u, ana yanka ruwa na zuba a kai don kada zafi ya ƙona naman. Daga nan sai a ɗora gutsuren a kan wani ɗan faifai na yumɓu mai ƙafa, kamar maɓallin riga, ko kai tsaye a jikin dutse. Sufa gulu ya dace da aikin saboda wani hali nasa: danshi ne ke sa shi daskarewa. Wani masanin sinadarai na kamfanin Eastman Kodak, Harry Coover, ya ci karo da shi a 1942 yana neman roba mai garai-garai don saitin bindiga, ya ajiye shi gefe saboda yana manne wa komai, sai a 1958 aka fara sayar da shi a matsayin gam. Da zarar ya taɓa ruwan tanki sai ya yi fata a waje, ciki kuma da sauran laushi, shi ya sa gwanaye ke ɗan murza gutsuren a jikin dutse don fatar ta fashe sabon gam ya kama. Mai kauri ake so, domin mai ruwa-ruwa yakan gangara ya shafi naman.

Inda dutse ke da ramuka ko gutsuren ya yi nauyi, sai a kawo ƙullin ifoksi, gam mai haɗi biyu da ake murzawa a tafin hannu har launinsa ya zama ɗaya, dangin wanda makanikai ke toshe tankin mai da shi, sai dai wannan an yi shi don ruwan da halitta ke ciki. Ifoksi yana cike gurbi amma ba ya manne wa jiƙaƙƙen dutse da kyau, sufa gulu kuma yana mannewa amma ba ya cike gurbi. Saboda haka ake haɗa su: gam a ƙasa, ƙulli a tsakiya, gam a sama. Wanda ya zuba ifoksi da yawa a rana ɗaya zai tarar da na'urar kumfarsa ta yi ambaliya a ƙasan ɗaki.

Murjani mai laushi, wanda ba shi da ƙashi, shi ke koya wa mutum haƙuri. Ana taɓa shi sai ya saki yauƙi kamar kuɓewa, gam ba ya kama shi, da safe a tarar da shi yana yawo a bayan duwatsu. Sai a soke shi da tsinken sakace a ɗaure tsinken a dutse da robar ɗaure kuɗi, ba da ƙarfi ba, don in roba ta matse za ta raba shi biyu. Wasu kuma sukan zuba tsakuwa a ƙaramin kofi, su ajiye shi a kai, su rufe da ɗan yankin raga irin ta gidan sauro, su bar shi mako biyu ko uku ya zaɓi tsakuwar da zai kama.

Kafin duk wannan akwai wanka. Sabon gutsure kan zo da baƙi a ɓoye, tsutsotsi masu faɗi da ke cinye Acropora, da wasu ƙananan dodon koɗi marasa ɓawo da ke cin wasu irin. Ana tsoma shi a ruwan magani na 'yan mintuna, a duba gindinsa don ƙwai, domin magani ba ya kashe ƙwan, mai tsantseni kuma ya yar da tsohon faifan ya killace baƙon a wani tanki dabam. Sai kuma zaɓen mazauni. Mai rassa yana son sama, inda haske da motsin ruwa suka fi ƙarfi, mai nama da yawa yana son ƙasa-ƙasa. Maƙwabtaka ma abin lura ce, don wasu irin da dare sukan miƙa dogayen hannuwa masu harbi su ƙone duk wanda ke kusa. Babban kuskuren sabon shiga shi ne yawan canja wa gutsure wuri, yau nan gobe can, alhali kowane ɗagawa yana mayar da kamawar baya.

Akwai haɗari ɗaya da ya kamata kowane shago ya rubuta a ƙofa, kuma da yawa ba sa yi. Wasu halittu masu kama da furanni da ake kiwo tare da murjani, musamman dangin Palythoa, suna ɗauke da dafin falitoksin, wanda masana suka fara tacewa a Hawaii a 1971, kuma yana cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoto a 2015 kan mutane kusan goma a Anchorage ta jihar Alaska da suka kamu da zazzaɓi da sarƙewar numfashi bayan hulɗa da waɗannan halittu. A 2018 a yankin Oxfordshire na Ingila an kwashi mutum goma zuwa asibiti, har da 'yan kwana-kwana, bayan an kankare duwatsun wani tanki a cikin gida. Safar hannu da tabarau wajibi ne ga mai yanka, kuma ba a zuba wa dutsen tanki ruwan zafi, ba a kankare shi a wajen ruwa, domin dafin yana bin tururi ya shiga huhun duk mutanen gidan, har da yara.

To me teku ta samu daga wannan wahala? Ken Nedimyer ba farfesa ba ne, a da mai kamo kifin ado ne a tsibiran Florida Keys. Ya ga murjani mai ƙahon barewa ya tsiro da kansa a kan duwatsun da yake rainon su a ƙasan teku don sayarwa, sai ya fara yanka shi yana yawaita shi yadda masu tanki ke yi. A 2007 ya kafa gidauniyar Coral Restoration Foundation, wadda ta shahara da bishiyoyin bututun roba da ake rataye gutsure a jikinsu a tsakiyar ruwa. Ta mayar da murjani sama da 200,000 kan tsaunukan Florida, kuma da ƙullin ifoksi masu nutso ke liƙa su. David Vaughan, lokacin da yake aiki a cibiyar binciken Mote, ya fasa wani murjani bisa kuskure, ya dawo ya tarar ƙananan ɓarɓashin sun yi saurin girman da babban kan bai taɓa yi ba. Daga nan aka samu dabarar yanka murjani mai jinkirin girma ƙanana-ƙanana a jera su kusa da juna, su girma su haɗe, tunda duk daga uwa ɗaya suke.

Dashe yana da rauninsa, kuma manomin rogo ya san shi: gonar da duk daga sanda ɗaya ta fito, cuta ɗaya ke share ta. Maganin wannan shi ne haihuwa ta ƙwai, wadda murjani da yawa ke yi sau ɗaya a shekara, 'yan darare bayan cikar wata. A 2013 Jamie Craggs na gidan tarihin Horniman da ke kudancin Landan ya kwaikwayi zafin ruwa da tsawon yini da hasken wata na wurin da murjanin ya fito, da fitilu da na'urori irin na masu tankin gida, har murjanin ya saki ƙwai a cikin ɗaki. A 2019 gidan kifi na Florida Aquarium ya bi wannan hanya ya samu ƙwan wani murjani mai siffar ginshiƙi da ya kusa ƙarewa a can. Lokacin da wata cuta mai zagwanyar da nama, wadda aka fara gani kusa da Miami a 2014, ta riƙa bin gaɓar tana kisa, gidajen kifi a faɗin Amurka ne suka karɓi lafiyayyun murjani suka adana, da ilimin da masu kiwo suka tara.

Kada wannan ya sa a yi wa sana'ar kirarin da ya fi ƙarfinta. A Yulin 2023 na'urar awo a Manatee Bay ta Florida ta nuna zafin ruwa digiri 38.4, kamar ruwan wankan jego da ya ɗan huce. Gidauniyar Nedimyer ta sanar cewa duk murjanin da ta dasa a tsaunin Sombrero ya mutu, ma'aikata suka riƙa kwaso abin da ya rage a gonakin teku suna kai wa tankunan kan tudu. A Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka mai kula da teku da yanayi ta tabbatar da koɗewar murjani ta duniya karo na huɗu, bayan ta 1998 da 2010 da 2014 zuwa 2017. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya riga ya faɗa a 2018 cewa ɗumamar digiri 1.5 za ta tafi da kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na tsaunukan murjani, digiri 2 kuma ta tafi da sama da kashi 99. Babu yawan gam da zai tare wannan. Tankin falo ma da kansa wuta yake sha dare da rana.

Wannan batun wuta shi ya kamata mai sha'awa a Kano ko Abuja ko Yamai ya fara lissafawa kafin ya ga hoton a intanet ya aika kuɗi. Ruwan yana son gishirin teku kusan giram 35 a kowace lita, da zafi tsakanin digiri 24 zuwa 26, da sinadarin kalsiyam da ba ya hawa da sauka, da injin da ke motsa ruwa ba tsayawa. A garin da Afrilu ke wuce digiri 40, dole sai da na'urar sanyaya ruwa, kuma ɗauke wuta na 'yan sa'o'i ya isa ya kashe aikin shekara uku. Wanda ba shi da sola da batir masu ɗaukar wannan nauyi, barin abin shi ne tausayi ga halittar.

Gwamnatoci ma suna da nasu darasin. A Mayun 2018 ma'aikatar harkokin teku ta Indonesiya, ƙarƙashin minista Susi Pudjiastuti, ta daina ba da takardar da ake fita da murjani da ita. Damuwarta ta gaskiya ce, domin akwai 'yan kasuwar da ke ɓallo na daji su liƙa shi a kan gindin siminti su ce na gona ne. Amma sai aka yi wa kowa kuɗin goro, na daji da na gona. Masu gonakin murjani a gaɓar Bali, waɗanda wasunsu tsofaffin masu ɓalla ne da suka ajiye guduma suka koma dashe, suka wayi gari babu kasuwa, tebura a ƙasan ruwa suka cika da gansakuka, dubban mutane suka rasa abin yi, masu saye kuma suka juya ga Ostareliya inda daga teku ake ɗebowa. Sai a farkon 2020 aka sake buɗe ƙofa ga na gona. Hukunci ya kamata ya sauka kan mai ha'inci, a bar wanda rayuwarsa ta rataya ga tsabtar ruwan ƙauyensa ya ci gaba da noma.

Ragowar nauyin yana kan mai saye, kuma ba ya buƙatar digiri kafin ya sauke shi. Ya ɗaga murjanin ya dubi gindinsa. Na gona ko na tanki naman ya malalo ya lulluɓe faifan har gefe, alamar ya yi watanni a wurin, na Indonesiya kuma yakan zo da lambar shaida a maƙale. Wanda aka ɓallo jiya gindinsa fari ne, da sabon karaya, da gam da bai ko yi datti ba. Na farkon ya fi ƙanƙanta, wani lokaci ma ya fi tsada, amma ya saba da hasken fitila da ruwan haɗi, don haka ya fi rayuwa. Bayan shekara biyu, in an kula da shi, rassansa za su fara taɓa gilashi, mai shi ya ɗauko filaya ya tsinke uku ko huɗu, ya ɗiga musu gam, ya kai taron musayar dashe da ƙungiyoyin masu kiwo ke shiryawa a garuruwansu.